Malam Uwaisu da Makarantar Bakin Tasha

Malam Uwaisu mutumin Dandamisa ne, a ƙasar Makarfi. Ubansa manomin rake ne, yana da injin matse rake irin wanda doki ke juyawa, kuma duk rani a gidansu ake dafa mazarƙwailar da ake kaiwa kasuwannin Kudan da Ikara. Uwaisu yana ɗan shekara takwas, wata rana yana tura rake cikin injin, ƙarfen ya haɗa da hannunsa na hagu. Kafin a tsayar da dokin, yatsu uku sun tafi. Ya warke, amma hannun bai sake riƙe ƙotar fartanya yadda ya kamata ba. Don haka da dagaci ya aiko cewa gidansu ya ba da yaro ɗaya a kai elementare, uban bai yi dogon tunani ba. Yayansa Iliyasu ya zauna a gona, shi aka tura boko. Bai taɓa riƙe wannan a ransa ba. Yakan ce ko shi ne uban, abin da zai yi ke nan.

A makaranta bai yi fice ba, bai kuma zama na ƙarshe ba. Akwai wani malami da ya ware bencin baya ya sa masa suna layin jakuna, nan yake tura duk wanda ya ga bai kama karatu da wuri. Uwaisu ya yi shekara guda a wannan benci, don ba ya iya danne rula da hannu ɗaya ya ja layi da ɗayan. Ya gama aji bakwai a Zariya, ya yi jarrabawar shiga kwalejin horon malamai bai ci ba, ya dawo gida. Da kaka yakan sami aikin malamin awon auduga na wata uku, sauran shekara yana zaune. Ya auri Kulu, 'yar ƙanen uwarsa daga Taba, suka haifi 'ya mace a shekarar da aka sami mulkin kai, aka raɗa mata Zulaihatu.

Shekara guda bayan haka ya haɗu da mutumin da ya sa shi koyarwa. Akwai wata 'yar tashar jirgin ƙasa nesa kaɗan da garinsu, inda ake loda auduga. A bayan tashar 'yan Katolika sun gina makaranta ta ɗaki biyu da rufin kwano, mutane suna kiranta makarantar Roman. An gina ta ne don 'ya'yan ma'aikatan reluwe, waɗanda galibinsu mutanen Kudu ne, daga baya Maguzawan da ke rugagen kewaye suka fara turo nasu, sannan 'yan tsirarun Musulmi. Hedimastan wani Inyamuri ne, sunansa Pius Ezeani, amma kowa Malam Fayos yake ce masa. Gajere ne, mai sanƙo, Hausarsa tana fita sai dai a karkace. Wata rana a tashar ya tsaya yana kallon Uwaisu yana karanta wa wani tsoho takarda, tsohon ya sa ya maimaita har sau uku, shi kuma bai ƙosa ba. Da tsohon ya tafi, Fayos ya matso ya gaishe shi, ya ce yana neman wanda zai riƙe masa 'yan aji ɗaya, ya koya musu karatun Hausa da lissafi.

Iliyasu bai yarda ba. Ya ce sun ba da shi ga boko don ba yadda za su yi, amma ba su ba da shi ga coci ba. Suka je wurin liman su biyu. Liman ya saurare su, ya tambayi Uwaisu ko za a hana shi salla, ko za a sa shi ya durƙusa wa abin da suke durƙusa wa. Uwaisu ya ce Fayos ya gaya masa lokacin darasin addini shi zai fita da 'ya'yan Musulmi ƙarƙashin mangwaro ya biya musu nasu, ran Juma'a kuma zai tashi da hantsi. Liman ya ce to ya je ya gani, ranar da aka saɓa ya dawo. Iliyasu ya yi wata biyu ba ya ce masa komai sai gaisuwa.

Makarantar ba ta da wani abin a zo a gani. Ƙararrawarta guntun ƙarfen layin dogo ne da aka rataye a reshe. Malamai uku ne: Fayos, da ƙanensa Silbesta, saurayi mai yawan dariya da ke riƙe aji uku, sai Uwaisu. Fada, limamin cocinsu, yana zuwa daga Zariya a kan babur sau ɗaya a wata, ya yi musu ibada, ya leƙa azuzuwa, ya koma. Abin da Uwaisu ya fara lura da shi shi ne safiya. Kafin a shiga aji sai an jera yara, malamai su bi su ɗaya bayan ɗaya suna duba farce da ido da ƙafa. Mai ciwon ido a wanke masa da ruwan gishiri, mai gyambo a ɗaure masa. Fayos yana da doka biyu da ba ya sassauta wa kowa. Yaron da ya yi kwana biyu bai zo ba, malaminsa zai je gidansu da ƙafarsa ya ga abin da ya faru. Kuma ba a zagin yaro da sunan dabba.

Uwaisu ya karya ta biyun tun watansa na farko. Akwai wata 'yar Maguzawa, Tani, wadda ta girme wa 'yan ajin, kome aka rubuta a allo sai ta yi ta kallo ba ta kwafa. Ranar da ta ishe shi ya ce mata jaka, ya kora ta bencin baya. Bai ma san ya faɗa ba, bakinsa ne ya fitar da abin da aka taɓa zuba masa. Fayos ya ji ta taga. Bai shigo ba, sai da aka tashi ya kira shi, ya sa aka kira yarinyar, ya ɗaga yatsu daga bakin ƙofa ya tambaye ta nawa ne. Ba ta iya faɗa ba sai da ya matso kusa. Idonta ne ba ya ganin nesa.

"Malam Uwaisu," in ji Fayos bayan ta fita, "mu a wurinmu an koya mana kowane yaro Allah ya san sunansa. Wanda Allah ya san sunansa, ni ban isa in sake masa wani ba."

Uwaisu ya ce su ma haka yake a nasu. Fayos ya ce to shi ke nan, ba su da gardama. Washegari Tani ta koma bencin gaba, daga baya Fada ya kawo mata tabarau daga Zariya.

Shekara biyar suka yi haka. Yara suka kai casa'in, aka ƙara ɗaki na uku. Uwaisu ya san duk hanyoyin rugage har cikin ƙasar Kudan saboda bin yaran da ba su zo ba. Ya ga yadda Fayos ke yi da waɗanda suka fara tasawa, 'yan sha uku sha huɗu, masu taurin kai. Ba ya dukansu a gaban ƙanana. Sai ya ɗora wa kowannensu wani abu, wannan ya riƙe lambu, wancan ya raka ƙanana tsallaka layin dogo, ya ce yaron da aka amince masa kunya takan hana shi lalacewa. A farkon 1966 Zulaihatu ta shiga aji ɗaya, benci ɗaya da Filomina, autar Fayos, wadda a nan bakin tasha aka haife ta, Hausarta kuwa ba ka raba ta da ta 'yan Dandamisa.

Shekarar nan ba ta zo da daɗi ba. Tun farkonta rediyo ke kawo labarin kashe-kashen manya, da damina ta kama aka yi tarzoma a birane, wasu ma'aikatan reluwe suka kwashe iyalinsu suka tafi, wasunsu suka dawo da aka ce ƙura ta lafa. Fayos bai tafi ba. Ya ce zangon karatu bai ƙare ba.

A ƙarshen watan Satumba, ranar wata Alhamis, Silbesta ya hau keke ya tafi Zariya ɗauko littattafai. Kafin azahar wani direban jirgi ya sauko ya ce birni ya kama da wuta, ana bin mutanen Kudu gida gida. Kafin la'asar tashar ta watse. Fayos ya sallami yara, ya tsaya bakin makaranta shi da matarsa Aginas da Filomina, yana duban hanyar da ƙanensa zai ɓullo. Uwaisu yana tsaye tare da su. Sai ga Iliyasu da fartanya a kafaɗa. A shekara biyar ɗin nan bai taɓa taka harabar makarantar ba. Ya ce ya ji wasu baƙin samari a kasuwa suna tambayar hanyar tasha, su taso yanzu. Ya kai su tsakiyar gonar rakensa da ke fadama, inda raken ya fi mutum tsayi, ya sassare wuri ya shimfiɗa musu tabarma.

Kwana uku suka yi a ciki. Kulu takan sa tuwo a ƙwarya ta rufa da ganye kamar mai kai wa 'yan ƙwadago abinci. Ganyen rake ya yayyanka wa Filomina hannuwa, amma yarinyar ba ta yi kuka ba, don an gaya mata kada ta yi. Samarin sun zo, sun fasa ƙofar gidan Fayos, sun kwashe abin da suka kwasa, sun wuce.

Rana ta biyu Fayos ya roƙi Uwaisu ya je Zariya ya nemo masa labarin Silbesta. Ya tafi a keken Iliyasu bayan sallar asuba. Abin da ya gani a hanya da cikin Sabon Gari bai taɓa ba kowa labarinsa dalla-dalla ba. Ya yi ta tambaya har aka kwatanta masa wata rumfa a bayan wani asibiti inda aka jera waɗanda aka tsinto. Wani ma'aikaci ya bar shi ya shiga. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ɗaga mayafi yana mayarwa. Silbesta yana can wajen ƙarshe, da farar rigarsa ta makaranta, da guntun alli a aljihu. Uwaisu ya tsaya yana jiran ya ji wani abu, bai ji ba. Ya nemi a ba shi gawar, aka ce ba a ba da kowa, gaba ɗaya za a rufe su. Ya fito, ya ji yunwa, ya sayi dafaffen rogo a bakin hanya ya cinye tas. Wannan rogon ya fi kome tsaya masa a rai daga baya.

Ya iso gonar da la'asar sakaliya. Fayos ya miƙe da ya gan shi.

"Na same shi," in ji Uwaisu. "Ya rasu."

"Ka gan shi da idonka?"

"Na gan shi."

"An rufe shi?"

"Ba su ba ni shi ba."

Fayos ya koma ya zauna. Aginas ta cusa bakin zane a bakinta. Uwaisu ya tsaya yana kallon tururuwa suna bin gindin rake, har Iliyasu ya taɓa shi ya ce su tafi.

Rana ta uku Fada ya aiko da mota da 'yan sanda biyu. Iliyasu ya ba Fayos rigarsa da hula don kada a gane shi a hanya. A bakin hanya Fayos ya ciro makullan makaranta ya miƙa wa Uwaisu, ya ce Litinin akwai karatu. Ba su yi wata doguwar sallama ba, direban yana ta hanzari.

Ran Litinin Uwaisu ya tashi ya yi wanka, ya je ya buɗe ɗakunan uku, ya kaɗa ƙararrawa. Yara goma sha bakwai suka zo. Ya jera su, ya duba musu farce da ido da ƙafa. Da aka zo wurin addu'ar safe, wadda Fayos ke ja wa yaran Kirista, sai kowa ya juyo yana kallonsa. Shi bai iya ta ba, kuma ba tasa ba ce. Ya kira Tani, wadda a lokacin ta kai aji shida, an yi mata baftisma ana kiranta Marta, ya tambaye ta ko ta haddace. Ta ce ta haddace. Ya ce ta ja musu. Ya kwashi 'ya'yan Musulmi su biyar suka fita ƙarƙashin mangwaro, yana jin muryarta ta taga. Da suka gama ya tara kowa a ɗaki ɗaya, ya raba allo gida uku, ya yi ta koyarwa har aka tashi.

Haka ya yi ta yi. Kulu ta ce a watannin nan kamar ba shi ne a gidan ba. Yakan ci abin da aka ajiye masa, ko da gishiri ko babu bai sani ba. Ba ya faɗa, ba ya dariya, ba ya ƙin amsa magana. In an yi zancen abin da ya faru a zaure, wasu na cewa an yi daidai wasu na cewa an yi zalunci, shi sai ya tashi ya ce yana da littattafan dubawa. Ran Laraba ta makon farko, bayan an tashi, ya kama hanya zai bi yaran da suka yi kwana biyu ba su zo ba, kamar yadda ya saba. Sai da ya ga kansa tsaye a ƙofar gidan Fayos, ƙyauren a karye, kaji na kiwo a tsakar gida, sannan ya gane Filomina ya zo tambaya. Ya jawo ƙyauren ya jingina shi, ya wuce unguwar ma'aikatan reluwe, ya bi gidajen nan ma duk da ya san ba kowa.

Zulaihatu ta tambaye shi yaushe Filomina za ta dawo. Ya ce bai sani ba. Ta sake tambaya bayan mako guda, ya ba ta amsa iri ɗaya, daga nan ta daina.

Wani jami'in ilmi da ya san shi tun Zariya ya zo ya ce akwai gurbi a makarantar gwamnati ta garin hakimi, yanzu ana neman malamai ido rufe, ya zo a ɗauke shi. Iliyasu ya ce ya karɓa, masu makarantar sun tafi, wa yake yi wa gadi? Fada kansa da ya zo ya gaya masa gaskiya, ba shi da malamin da zai turo, bai kuma san ko makarantar za ta kai baɗi ba, in ya tafi ba wanda zai ga laifinsa. Uwaisu ya ce zai duba. Bai duba komai ba. Washegari ya je ya kaɗa ƙararrawa, jibi ma haka, har jami'in ya gaji ya ba wani gurbin. Da Kulu ta matsa masa ya gaya mata dalili, abin da ya iya cewa kawai shi ne yaran rugage ba za su iya tafiya garin hakimi a ƙafa ba, in ya rufe sun gama karatu ke nan.

Aka shiga yaƙin basasa. Jiragen da ke wucewa ta tashar suka koma ɗaukar sojoji. Shi kaɗai ya riƙe makarantar shekara biyu, sannan Fada ya samo wani malami daga kudancin Zariya ya turo masa. Sannu a hankali yara suka ƙaru, yawancinsu yanzu 'ya'yan Musulmi, don iyaye sun ga ɗan garinsu ne ke riƙe da wurin. Bai sake ko ɗaya daga dokokin Fayos ba. Marta ta ci jarrabawa ta tafi makarantar 'yan mata ta Sistocin Katolika, ita ce mace ta farko daga rugarsu da ta wuce aji bakwai.

Bayan an gama yaƙi da wata biyar, Fada ya kawo masa wasiƙa lokacin hutun tara. Fayos ne. Yana da rai, Aginas ma tana da rai, yana koyarwa a wani ƙauye kusa da garinsu. Filomina ta rasu a shekara ta biyu ta yaƙin, yunwa ce. Ya rubuta wannan a layi ɗaya, sannan ya cika sauran takardar da tambayar yara, da Iliyasu, da ko kwanon aji uku har yanzu yana yoyo. Uwaisu ya karanta a tsaye, ya ninke ta ya sa a aljihu, ya kaɗa ƙararrawa, ya shiga ya ci gaba da darasin rabawa. Sai da ya yi mako uku kafin ya iya ba da amsa. Sun yi musayar wasiƙa sau huɗu ko biyar, daga nan ta yanke. Ba su sake ganin juna ba.

Da gwamnati ta karɓe makarantun mishan, aka sake wa makarantar suna, shi kuma aka mai da shi Paki, a ƙasar Ikara, inda ya koyar har ya yi ritaya. Bai taɓa zama hedimasta a can ba saboda ba shi da takardar kwaleji. Matasan malamai sukan yi mamakin yadda mutum mai yawan zuwa masallaci kamarsa ba ya yarda a kushe makarantar Roman a gabansa. Wani ya taɓa tambayarsa me ya gani a wurinsu. Ya ce shi dai can ne ya fara ganin babban mutum ya tsuguna don ya yi magana da yaro ido da ido, kuma ya lura yaron da aka tsuguna masa yana ƙarami ba ya sunkuyar da kai in ya girma.

Zulaihatu ta zama ungozoma a wani asibitin sha-ka-tafi. Ubanta bai gaya mata labarin wasiƙar ba sai da ta haifi ɗanta na biyu. Ya zo barka, suna zaune su biyu a ɗaki da rana, ya ce akwai abin da ya daɗe yana ɓoye mata game da ƙawarta ta aji ɗaya. Ta ce ta sani, tun ranar ta ga takardar a aljihun rigarsa da za ta kai wanki, ta karanta ta mayar. Tana 'yar shekara goma lokacin. Ya tambaye ta me ya sa ba ta ce komai ba. Ta ce ta ga shi ma bai ce ba.

Ya dubi jaririn. Sannan ya ce ta sa a kawo masa buta, azahar ta yi.